Bayan sallama daga asibiti: Yadda masu shanyewar ɓarin jiki ke rayuwa, da nauyin da ke kan al'umma da hukuma

Ƙungiyar Yaƙi da Shanyewar Ɓarin Jiki ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa cikin kowane mutum huɗu da suka haura shekara 25, ɗaya zai gamu da wannan cuta a tsawon rayuwarsa. Ƙungiyar ta ware ranar 29 ga Oktoban kowace shekara domin faɗakarwa, kuma yawancin jawaban da ake yi a ranar sukan tsaya ne kan yadda za a kauce wa cutar da yadda za a garzaya da mara lafiya asibiti. Ba a cika yin magana kan abin da ke biyo bayan sallama ba, wato lokacin da aka dawo da mutum gida da hannu da ƙafa marasa motsi, wani sa'in har da harshen da ya daina yi masa biyayya.

A Kano da Zariya da Sakkwato da sauran garuruwan arewacin Nijeriya, a wannan mataki ne makomar mai cutar take bayyana: ko ya sake tsayawa da ƙafafunsa ya koma kasuwa, ko ya ƙare rayuwarsa a ƙuryar ɗaki. Wannan bayani ya duba abin da cutar ke yi wa jiki, yadda take sauya rayuwar gida, inda taimakon 'yan uwa da maƙwabta ke tsayawa, da kuma alƙawuran da dokokin ƙasa suka riga suka yi wa waɗannan bayin Allah.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Ko da yake a hannu da ƙafa ake ganin alamarta, asalin cutar a ƙwaƙwalwa yake. Tana aukuwa ta hanya biyu: ko gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala a ciki. Sashen da ya rasa jini yakan fara mutuwa cikin mintuna. Da yake ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a nan cibiyar magana take ga yawancin mutane, wanda ɓarinsa na dama ya shanye shi ne ya fi fuskantar ɗaukewar magana. Cutar ta bambanta da bugun zuciya, duk da cewa mutane kan haɗa su.

Alamominta na farko sanannu ne: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa ta ɓari ɗaya farat ɗaya, da sarƙewar harshe. Idan toshewa ce, akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma tana da amfani ne kawai cikin awa huɗu da rabi daga fara alamun, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba fashewa ba ce. Don haka likitoci ke gargaɗi kan ba wa wanda ya faɗi asfirin kafin hoto, da kuma ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, domin maƙogwaron da ya raunana yakan karkatar da ruwan zuwa huhu.

A gidaje da yawa, faɗuwar farat ɗaya, musamman a banɗaki ko da asuba, ana fassara ta da bugun iska ko jifa. Kwanakin da ake ɓatawa wajen turare da ƙaho da neman wanda ya yi sammu su ne kwanakin da ƙwaƙwalwa ta fi bukatar likita. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma ana iya yin ta a cikin motar da ke kan hanya.

Su wa cutar ke kamawa a nan?

Bincike mafi girma da aka yi kan cutar a Afirka ta Yamma shi ne wanda ake kira SIREN, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa. An gudanar da shi a asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya. Sakamakon da mujallar Lancet Global Health ta wallafa a 2018 ya ƙunshi marasa lafiya 2,118. Matsakaicin shekarunsu 59 ne. Kashi 68 cikin 100 toshewar jijiya ce ta same su, kashi 32 kuma fashewa, adadin da ya zarce abin da ake gani a ƙasashen Turai. Kimanin ɗaya cikin huɗu ba su wuce shekara 50 ba.

Binciken ya nuna cewa hawan jini shi ne uban tafiya, domin ana danganta kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin kamuwa da cutar da shi. Sauran abubuwan sun haɗa da yawan kitse a jini, ciwon sukari, ƙiba ta ciki, yawan gishiri, shan taba da rashin motsa jiki. An kuma gano cewa masu cin ganyayyaki a kai a kai ba su cika kamuwa ba, wato dangin zogale da alayyahu da rama da ke cike da kasuwanninmu.

Ma'anar waɗannan alƙaluma a aikace ita ce, cutar tana kayar da magidanci mai 'ya'ya a makaranta, da uwar da sana'arta ke riƙe da gida. Yara ma ba su tsira ba. Ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu cutar sikila a Nijeriya duk shekara, kuma idan ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin goma na masu nau'inta mai tsanani kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi gwaji a Kano wanda ya nuna cewa auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yaro da na'ura, da ba wa waɗanda ke cikin haɗari maganin haidroksiyuriya, yana rage aukuwar cutar.

Rayuwar yau da kullum a gida

Wata uku zuwa shida na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sababbin hanyoyin motsa gaɓoɓi, ko da yake samun sauƙi yakan ci gaba bayan haka. Abin da ke kawo sauƙin shi ne maimaita motsi kullum bisa koyarwar likitan gashi: juyawa a gado, zama, miƙewa, taku, kama kofi. Yawan tausayin da ke sa a hana mara lafiya yin komai da kansa yakan jawo gaɓoɓi su ƙage, ƙarfin da ya rage ma ya tafi.

Akwai haɗura uku da ke kashe masu cutar bayan sun tsallake kwanakin asibiti. Na farko shi ne ƙwarewa wajen ci da sha, wadda ke haifar da ciwon huhu. Shi ya sa ake zaunar da mutum sosai kafin a ba shi abinci, a ba shi mai laushi da ɗan kauri kamar kunu ko fate, a hankali, kuma kada a kwantar da shi nan take. Na biyu shi ne gyambon kwanciya da ke fitowa a ƙugu da duwawu da dunduniya. Maganinsa juya mara lafiya duk bayan kimanin awa biyu, da tsabtace fata a busar da ita. Na uku shi ne dawowar cutar, wadda ke samun kusan ɗaya cikin huɗu a cikin shekara biyar, galibi saboda an daina shan maganin hawan jini da zarar jiki ya yi dama. Maganin hawan jini ba a gama shi kamar na zazzaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram biyar, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin.

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne ɗaga mara lafiya ta hanyar jan hannun da ya shanye. Kafaɗar da tsokarta ta saki takan goce, ta bar mutum da ciwon da ke hana shi atisaye.

Tsarin gidajenmu ma yana da nasa ƙalubalen. Masai na tsuguno ba ya yiwuwa ga mai ƙafa ɗaya. Dokin ƙofa mai tudu, da tsakar gida mai santsi, da kwatar da ke bakin zaure, kowannensu na iya jawo faɗuwa da karaya. Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa: kafinta zai iya huda kujerar katako a ɗora ta a kan masai, mai walda zai iya kafa ƙarfen riƙewa a jikin bango, kuma gora biyu da aka kafa a tsakar gida sun isa wurin koyon tafiya.

Sai kuma raunin da ido ba ya gani. Kimanin ɗaya cikin uku na masu cutar kan samu matsalar harshe: wani yana fahimtar duk abin da ake faɗa amma kalma ta ƙi fita, wani kuma fahimtar ce ke yi masa wuya. Wannan ba taɓin hankali ba ne, kuma ɗaga murya ba ya taimakawa. Gajerun jimloli, da tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce, da haƙurin jira, su ne ke taimakawa. Kimanin ɗaya cikin uku kuma kan faɗa cikin ciwon damuwa mai tsanani, wanda yake da magani. Wasu kan fashe da kuka ko dariya ba tare da dalili ba saboda raunin ƙwaƙwalwa, sai a ce aljanu ne. A al'adar da ake ci da gaisawa da hannun dama, wanda damansa ya mutu yakan ji nauyin cin abinci cikin mutane, daga nan ya janye daga majalisa, ya daina zuwa ɗaurin aure, har masallacin unguwa ya gagare shi saboda matakala uku.

Masu jinya: ma'aikatan da ba su da albashi

A mafi yawan gidaje, jinya takan faɗa kan mace: mata, ko 'ya, ko suruka. Ita ce mai wanka da wanki da juyi cikin dare, sau da yawa ba tare da kowa ya koya mata yadda ake ɗaga babban mutum ba tare da ta ji wa bayanta ciwo ba. Sana'arta ta cikin gida takan tsaya. Idan 'ya ce, makarantarta ce ke fara shan wahala. Idan kuwa macen ce ta kwanta, ba kasafai take samun irin wannan kulawa a ɗakinta ba. Akan mayar da ita gidan iyayenta, inda uwar da ta tsufa za ta karɓi aikin.

Mai jinya ma tana iya kamuwa da damuwa da hawan jini saboda rashin barci da fargaba. Masu zuwa dubiya kan tambayi mai jiki, kaɗan ne ke tambayar wadda ke tsaye a kansa ko ta runtsa.

Lissafin kuɗi

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, tun daga Yulin 2024, naira 70,000 ne, kuma hoton ƙwaƙwalwa kaɗai yana iya lashe kaso mai tsoka na wannan adadi. Bayan sallama akwai maganin kowane wata, da kunzugun manya, da kuɗin gashi, da shatar adaidaita sahu zuwa asibiti sau biyu ko uku a mako, domin mai shanyewar ɓarin jiki ba ya iya cusuwa a motar haya. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya sun tsauwala kuɗin sufuri da na magani a lokaci guda.

Ga kuma nisa. Sassan gashi suna manyan asibitoci ne, irin su na Malam Aminu Kano da na Murtala Muhammad da Asibitin Ƙashi na Dala, alhali Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44. Iyalin da ke Doguwa ko Tudun Wada sukan yi zuwa biyu ko uku, kuɗi ya ƙare, a haƙura. Haka wata shidan nan masu daraja suke wucewa mutum yana kwance.

Inda zumunci ke tsayawa, da yadda za a tsara shi

Al'ummarmu ba ta rasa tausayi ba. A makon farko asibiti kan cika da kwanukan abinci da 'yan dubiya har ma'aikata su yi ta kora. Amma al'adar dubiya an gina ta ne kan ciwon da ke warkewa ko ya yi ajali cikin kwanaki. Shanyewar ɓarin jiki takan ɗauki shekaru. Zuwa wata na biyu ƙafa ta ɗauke, daidai lokacin da ajiyar gidan ta ƙare kuma mai jinya ta gaji.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma kayan aikin da ake bukata don tsawaita ta suna nan tare da mu. Dangi za su iya raba kwanaki a rubuce, yadda kowa ya san ranar da zai karɓi jinya ko ya kai mara lafiya gashi. Zauren WhatsApp na iyali zai iya mayar da gudummawar lokaci ɗaya ta koma ƙaramin adadi na wata-wata da ake kai wa kemis kai tsaye, kamar yadda ake zubin adashe. Ƙungiyar matasan unguwa da ke yin gayyar yashe kwata za ta iya gyara ƙofar gida da banɗakin mara lafiya cikin yini ɗaya. Kwamitin masallaci ko na coci zai iya zuba gangare a gefen matakala, ya ajiye kujeru, ya kuma sayi keken guragu biyu da na'urar awon jini da za a riƙa aro. 'Yan kasuwa kuma za su iya riƙe wa ɗan uwansu rumfarsa, ko su sauya masa aikin da za a yi a zaune, domin komawa sana'a yana cikin magani.

Akwai kuma abin da dangi ba za su iya bayarwa ba, sai wanda ya ɗanɗana. Ƙungiyar Stroke Action Nigeria tana da cibiya a Onitsha inda waɗanda suka tsira daga cutar ke haɗuwa su yi atisaye tare, su koya wa juna dabarun rayuwa. Mutumin da ya ga wani irinsa ya iso da sanda yana raha ya fi saurin yarda cewa shi ma zai tashi. Irin wannan zama ba ya bukatar sabon gini, ajin firamare ɗaya a ranar Asabar da ɗaliban sashen gashi na Jami'ar Bayero ƙarƙashin kulawar malamansu sun isa a fara. Hukumomin zakka da waƙafi, irin na Kano da Sakkwato, su ma suna da hurumin ɗaukar nauyin maganin wata-wata ga mabukata.

Abin da doka ta riga ta yi alƙawari

Ƙoƙarin unguwa ba ya sauke nauyin gwamnati, kuma wannan nauyi a rubuce yake.

A Afrilun 2001, shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja cewa za su ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Kasafin tarayya na Nijeriya ya daɗe yana kai-komo a wajajen kashi huɗu zuwa shida.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar tarayya. Dokar ta kuma haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar agajin gaggawa.

Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke ko sanda zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Dokar ta ware wa masu nakasa aƙalla kashi biyar cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko hukumar da ta nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya. An kafa hukumar da za ta sa ido a kanta a 2020. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta bar shi da nakasa yana cikin waɗanda aka yi dokar dominsu, ko da yake mutane da yawa ba sa kallon kansu a haka.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni, ciki har da tsofaffi da masu nakasa da matalauta. A matakin duniya, Babban Taron Lafiya na Mayun 2023 ya amince da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su sanya ayyukan farfaɗo da gaɓoɓi cikin tsarin lafiyarsu har zuwa matakin farko.

Duk mai son auna waɗannan alƙawura ba sai ya je Abuja ba. Ya isa ya ziyarci sakatariyar ƙaramar hukumarsa ya duba ko keken guragu zai iya shiga, sannan ya leƙa asibitin mazaɓarsa ya tambaya ko na'urar awon jini tana aiki.

Tambayoyin da suka cancanci amsa

Jihar Kano kaɗai tana da mazaɓu 484, kowacce da kansila, kuma tsarin lafiya a matakin farko ya tanadi kwamitin ci gaban mazaɓa da zai riƙa sa ido kan asibitin yankin. A irin waɗannan wurare ne matashi zai iya tambaya ya kuma nemi amsa a rubuce. Shin asibitin mazaɓa yana auna jinin duk babban da ya shigo, kuma yana da maganin hawan jini mai rahusa? Likitocin gashi nawa gwamnatin jiha ta ɗauka, kuma nawa ne daga cikinsu ke aiki a wajen babban birni? Zaman gashi nawa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha take biya wa mai cutar? Masu nakasa nawa aka yi wa rajista a asusun masu rauni daga wannan mazaɓa? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan bayanai daga hukumomin tarayya, kuma ta ba su kwana bakwai su amsa.

Kafin amsoshin su zo, akwai aikin da ba ya jiran kowa. Awon jini ba ya cin minti biyar, kuma wanda nasa ya kai 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya yana bukatar ganin likita ko da ba ya jin ciwon komai. A kai iyaye a auna su, matashi ma ya miƙa nasa hannun. Idan kuma akwai gidan da aka yi wa dubiya wata uku da suka wuce, yanzu ne suka fi bukatar a koma, a tambayi mai jiki, a tambayi mai jinya, a kuma ɗauki rana ɗaya a cikin mako.